Tanderun gas, famfon zafi, ko a haɗa su: zaɓin mai gida a Winnipeg

A tsakiyar watan Yuli wani ƙanina, wanda bai cika shekara biyu da sayen gida a unguwar Transcona ba, ya kira ni bayan la'asar. Esin gidan ya mutu murus, yara sun koma kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don can ne kaɗai ke da sanyi. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce tsohon gas ɗin R-22 yake sha, wanda aka daina shigo da sabonsa Kanada tun 2020, don haka gyaransa zubar da kuɗi ne. Ya tafi ya bar masa takardu uku. Ta farko, sabon esi kawai, a bar tanderun gas yadda yake. Ta biyu, a sa famfon zafi, wato na'urar da ke sanyaya gida da bazara ta kuma ɗumama shi da sanyi, a gurbin esin, ya riƙa aiki tare da tanderun. Ta uku, a raba gidan da gas gaba ɗaya, komai ya koma lantarki.

"Yaya, ni zafi ne ya dame ni, shi kuma sai maganar Janairu yake ta yi mini," in ji shi.

Na ce masa ai mutumin nan ya san garinsa. A Winnipeg duk maganar na'urar gida Janairu take komawa, ko da a Yuli aka fara ta. Matsakaicin yanayin watan, dare da rana a haɗe, yana wajen digiri 16 ƙasa da sifili, kuma adadin da injiniyoyi ke auna girman na'urar ɗumama gida da shi a nan digiri 33 ne ƙasa da sifili. Ana kunna ɗumi tun Oktoba, ba a kashewa sai an shiga Mayu. Zafin da ke sa a nemi esi kuwa, in aka tattara kwanakinsa, makonni ne kawai. Yana hana barci, ba na musu, balle in ya haɗu da gumi da sauron garin nan. Amma bai taɓa fasa wa kowa bututun ruwa a cikin bango ba.

Ga wanda bai taɓa shiga irin waɗannan gidaje ba: a ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai wani akwatin ƙarfe mai tsawon ƙugun mutum ko ɗan fiye, wanda kowa a nan ke ce wa fanes, ni kuma nake kira tanderu. Gas yake ƙonawa, fanka ta tura iska ta bayan ƙarfen da ya yi zafi, iskar ta bi hanyoyin kwano ta fito ta ƙananan tagogi a daɓen kowane ɗaki. Esi ba shi da tasa hanyar daban. Injinsa yana waje, koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iskar, yana zaune a kan tanderun, kuma fankar tanderun ce ke hura sanyin. Shi ya sa ba a zaɓen ɗaya ba tare da an dubi ɗayan ba, tamkar kishiyoyi ne masu madafi guda.

Famfon zafi kuma, wanda masu sayarwa ke kira hitfam, ba wani baƙon abu ba ne a wurin duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan esi a Kano cikin watan Afrilu ya ji hucin da ke fitowa. Hucin nan zafin cikin ɗakin ne aka kwaso aka zubar waje. To, a juya masa fuska: ya kwaso daga waje ya zuba ciki. Ko a iska mai daskarar da ruwa akwai ɗan zafin da za a iya tatsa, matuƙar gas ɗin da ke zagayawa cikin na'urar ya fi iskar sanyi. Da bazara esi ne sak, da sanyi kuma murhu. Tunda ɗauko zafi yake yi ba ƙirƙirarsa ba, yunit ɗaya na wuta yakan kawo kusan yunit uku na ɗumi idan ma'auni yana wajen sifili ko sama kaɗan. In aka kai 15 ƙasa da sifili sai ya sauko wajen biyu. Daga 25 abin ya fara zama wahala. Kamfanoni irin su Mitsubishi da Daikin da Fujitsu suna ƙera na ƙasashen sanyi musamman, masu ci gaba da aiki har 25, wasu har 30 ƙasa da sifili, sai dai ɗumin da suke bayarwa yana raguwa daidai lokacin da gidan ya fi buƙatarsa. Wani abu da ke rikita sababbin zuwa: adadin nan mai ban tsoro da ake faɗa a rahoton yanayi, 40 ko 45, sau da yawa an haɗa da kaɗawar iska ne, wato yadda fatar mutum ke ji. Na'ura ba ruwanta da wannan, ainihin ma'aunin take bi.

A kan kuɗin wata-wata ne gizo ke saƙa, kuma lissafin ba ya buƙatar injiniya. Kubik mita ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin kusan yunit 10 da rabi. Tun 2019 dokar Kanada ta ce sabon tanderun gas na gida dole ya mai da aƙalla kashi 95 cikin 100 na abin da ya ƙona ɗumi, saboda haka a ce kubik mita ɗaya yana ba ka yunit 10 na ɗumi cif. Ɗauki takardar bil ɗinka ta Manitoba Hydro, wanda shi ke sayar da wuta da gas duka a lardin nan, ka haɗa duk abin da ake caja a kan kowace kubik mita, kuɗin gas ɗin da na kawo shi, ka raba da 10. Abin da ya fito shi ne kuɗin yunit ɗaya na ɗumin tanderu. Sai ka ɗauki kuɗin yunit ɗaya na wuta ka raba da biyu da rabi, shi ne na famfon zafi a ranar sanyi tsaka-tsaki.

A ce, don misali, gas ya kama senti 25, wuta senti 10. Ɗumin tanderu senti biyu da rabi ke nan, na famfon zafi senti huɗu, na hita mai waya zalla senti 10. Kafin famfon ya kamo gas a wannan farashi sai ya riƙa ninka wutar da ya sha sau huɗu, abin da ba ya yi sai a ranaku masu ɗan ɗumi na Afrilu da Oktoba. Shekarun baya kaɗan ba haka lissafin yake ba. Daga Afrilun 2024 harajin hayaƙi na gwamnatin tarayya ya kai senti 15 da ɗoriya a kan kowace kubik mita. Ɗora shi a kan misalinmu, gas ya koma senti 40, ɗuminsa senti huɗu, sun yi kunnen doki da famfon. A ranar 1 ga Afrilun 2025 gwamnatin Mark Carney ta cire wa masu gidaje harajin, sai ma'aunin ya sake rinjaya wa gas. Yawancin bayanan da ƙanina ya karanta a intanet an rubuta su ne kafin wannan rana, ko kuma a kan garuruwa irin Halifax, inda sanyin bai kai namu ba kuma da yawa man dizal na ɗumama suke ƙonawa mai tsada. Can famfon zafi ba shi da abokin gardama. Nan sai ka yi naka lissafin da taka takardar.

Saboda haka ga hukuncina, ba tare da kwana-kwana ba. Wanda gidansa ke da gas da tanderu mai lafiya a Winnipeg, kada ya sayi famfon zafi da niyyar rage bil, domin a farashin yau da wuya ya mai da kuɗinsa. Wanda kuwa gidansa ke ɗumama da lantarki zalla, ko dogayen hitocin nan da ke bin gindin bango ko tanderun lantarki, shi ne famfon zafi zai yi wa rana sosai, domin daga senti 10 yake saukowa, kuma duk ranar da ma'auni bai wuce 20 ƙasa da sifili ba yana cin riba. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a ƙauyukan da bututun gas bai kai ba, akwai su kuma a cikin birnin. In gidan ba shi da hanyoyin iska, ana sa irin na bango, mai kama da silit ɗin da muka sani a gida, a falo da babban ɗaki, a bar tsofaffin hitocin su jira daren tsanani.

To me zai sa mai gas ya waiwayi takarda ta biyu? Dalilai uku nake gani, kuma ba na raina ko ɗaya. Tunda esi ya riga ya mutu, dole za a kashe kuɗi, abin dubawa shi ne ratar da ke tsakanin sabon esi da famfon, ba cikakken farashin famfon ba. Na biyu, gidan zai samu hanyar ɗumi biyu. Ranar da makunnin tanderu ya ƙone cikin Nuwamba, famfon zai riƙe gidan har mai gyara ya iso da rana, ba sai an biya kuɗin kiran dare ba (in fankar ce ta lalace kuwa, duka biyun sun tsaya, tunda ita suke rabawa). Na uku, farashin gas hawa da sauka yake yi, gwamnatoci kuma suna canzawa, mai na'ura biyu canza lamba ɗaya kawai zai yi a ma'aunin bango ya koma wa wanda ya fi araha. Wanda hayaƙi ya dama yana da ƙarin dalili, domin kusan duk wutar Manitoba daga madatsun ruwa take zuwa, galibinsu a kan kogin Nelson can arewa.

A tsarin haɗaka, mai sakawa zai saita wani ma'auni, a ce biyar ko 10 ƙasa da sifili. Sama da shi famfo ke aiki, ƙasa da shi tanderu ya karɓa. Ba sa aiki a lokaci guda, don koyil ɗin famfon yana saman tanderun ne, hucin gas zai dame shi. Ka tambayi inda aka saita, ka sa a koya maka canzawa. Na san gidan da aka bar shi yadda ya zo daga kamfani, mai gidan ya yi sanyi guda yana mamakin bil ɗin wuta.

Takarda ta uku ita ce mai nauyi. In ka cire gas, dole a sa wa famfon mataimaki na hita mai waya a cikin akwatin iska, mai ƙarfin ɗaukar gidan shi kaɗai a daren 33, kuma a gida madaidaici wannan yakan kai kilowat 15 zuwa 20. Kilowat 20 a kan bolt 240 ya haura amfiya 80. Yawancin tsofaffin gidajen garin nan akwatin wutarsu na amfiya 100 ne, ga kukar girki, ga injin busar da kaya, wataƙila ga tankin ruwan zafi. Sai an ɗaga shi zuwa 200, aikin mai lantarki ne da izini da kuɗinsa daban, kuma sau da yawa ba ya cikin takardar farko da aka miƙo maka. Ribar da ke ciki ita ce ka huta da kuɗin tsaye na gas da ake biya kowane wata ko ka kunna ko ba ka kunna ba, kuma babu abin da ke ƙonewa a cikin gidanka. Amma bil ɗin Janairu da Fabrairu zai yi ɗaci, domin makonnin tsanani hitar ce ke aiki, kowane yunit a cikakken kuɗinsa.

Akwai kuma ranar da aka ɗauke wuta. Mu da muka taso da janareta mukan ɗauka nan ba a ɗaukewa, kuma gaskiya ba kasafai ba. Amma a Oktoban 2019 dusar ƙanƙara mai jiƙe ta sauka kan bishiyoyi tun ganye bai zube ba, ta karya rassa da turaku, wasu yankunan wajen Portage la Prairie suka yi kwanaki a duhu. Tanderun gas ma ba ya aiki in babu wuta, fankarsa da makunninsa lantarki suke sha. Bambancin shi ne abin da yake sha kaɗan ne, ƙaramin janareta zai ja shi in mai lantarki ya yi masa haɗin da ya dace, a ajiye shi waje nesa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofa a buɗe. Kilowat 20 kuwa sai janaretan ɗakin taro. Gas ɗin ma ba a ce ba ya yankewa ba. A Janairun 2014 babban bututu ya fashe kusa da Otterburne, kudu da birnin, dubban gidaje suka kwana babu gas a tsakiyar sanyi.

Akwai hanya ta huɗu da mai gyaran bai rubuta wa ƙanina ba, famfon da ke ɗauko zafi daga ƙarƙashin ƙasa. Can ciki ƙasa tana zaune a 'yan digiri sama da sifili duk shekara, don haka daren 33 bai dame shi ba, kuma shi kaɗai ne a jerin zai iya tunkarar gas a kuɗin wata-wata. Bututun da ake binnewa yakan fi mai gidan daɗewa. Sai dai haƙa rijiyoyin tsada ne na gaske, yana son fili da hanyar shigar mota mai haƙa. Mai gina sabon gida a bayan gari ya tambaya. Mai ƙaramin tsakar gida a cikin birni, wanda bai san ko zai shekara 10 a gidan ba, ya wuce.

Duk wanda ka zaɓa, girmansa ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Mu mun saba da tunanin babba ya fi, a sayi hos biyu a ɗakin hos ɗaya don ya yi sanyi da wuri. A nan esi da tan ake aunawa, tan ɗaya daidai yake da hos ɗaya da rabi namu. Esin da ya yi wa gida yawa yana sanyaya iska cikin minti kaɗan ya mutu, bai tsaya ya tsotse danshi ba, ka zauna cikin sanyi mai yauƙi. Tanderun da ya yi yawa kuma kunna-kashe zai yi ta yi, ɗakin sama ya yi zafi na ƙasa ya yi sanyi, kayansa su gaji da wuri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam kada ka yarda da kimar ido. Akwai ƙa'idar lissafin zafin da gida ke zubarwa, CSA F280, ana auna bango da tagogi da rufi. Wanda ya leƙa lambar tsohon tanderu kawai ya rubuta irinta, ka nemi wani. In kuɗi ya kai, tanderu mai mataki biyu ya fi mai mataki ɗaya daɗin zama, yana tafiya a hankali yawancin lokaci, babu ƙara.

Tarko biyu da na gani da idona. In tsohon tanderunka na bututun hayaƙin rufi ne, kuma tankin ruwan zafi na gas yana raba bututun da shi, sabon tanderu zai riƙa fitar da hayaƙinsa ta bango ya bar tankin shi kaɗai a bututun da ya yi masa faɗi, hayaƙin ya huce kafin ya kai sama. Ko dai a zura masa ƙaramin bututu a ciki, ko a canza tankin. Ka tabbata yana cikin takarda. Na biyu shi ne haya. Za a ce maka ba ka biyan komai yau, ɗan abu kaɗan ne a wata, gyara kyauta. Ninka ɗan abin nan da watannin yarjejeniyar, ka karanta abin da za ka biya in za ka sayar da gidan. Abin ya yi ƙamari a Ontario har a 2018 aka hana bin gida-gida da tallan irin waɗannan na'urori. In babu kuɗi a hannu, Manitoba Hydro yana da bashin gyaran gida da ake biya ta cikin bil, wanda ke gudun kuɗin ruwa ya karanta sharuɗɗan da kyau. Efficiency Manitoba kuma, hukumar lardin mai kula da tsimin wuta da gas, tana ba da tallafi a kan famfon zafi da kayan toshe sanyi, ka duba ƙa'idojinta kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba.

Wajen kulawa, tanderu ya fi sauƙin hali, amma yana da nasa shaƙiyancin. Shekarata ta farko a gidana, cikin Fabrairu bayan guguwar dusar ƙanƙara, uwargida ta tashe ni wajen ƙarfe ukun dare.

"Maigida, taɓa hancin yaron nan ka ji."

Ma'aunin bango yana nuna 14. Na sauka ƙasa, tanderu yana gurnani ya yi shiru, ya sake gurnani ya yi shiru. Na kira wani kamfani, aka faɗa mini kuɗin fitowar dare, na ce a zo. Mutumin da ya zo ko takalminsa bai cire ba. Ya zagaya bayan gida da tocila, ya sa ƙafa ya ture tulin dusar da ta binne wasu fararen bututun roba biyu da ke leƙowa daga bango, ya zura hannu ya fito da ƙanƙara. Ɗaya ta nan tanderu ke shaƙar iska, ɗaya ta nan yake fitar da hayaƙi, in suka toshe sai ya ƙi kamawa don kare mutanen gidan. Aikin bai kai minti 10 ba. Na biya kuɗin cif.

Bayan wannan, matatar iska. A duba ta kowane wata da sanyi, siririya a canza ta duk wata ɗaya zuwa uku, domin in ta toshe tanderu yana zafi fiye da kima ya kashe kansa, esi kuma koyil ɗinsa ya daskare. Lokacin gobarar dajin 2025, wadda ta sa aka kwashe mutanen garin Flin Flon da ke arewacin lardin, hayaƙi ya rufe Winnipeg, kowa ya ruga neman matata mai lamba MERV 13. Tana tare hayaƙi, amma siririyarta mai inci ɗaya takan shaƙe fanka. In ana sabon aiki, ka sa a yi maka gurbin mai kauri inci huɗu ko biyar. Sau ɗaya a shekara, a Satumba kafin layi ya yi tsawo, mai lasisin aikin gas ya goge sandar da ke jin harshen wuta, ya wanke hanyar ruwan da tanderu ke ɗigarwa, ya auna hayaƙi, ya duba ƙarfen da ke raba wuta da iskar gida. In ya ce ƙarfen ya tsage zai rufe gas ɗin, kuma haƙƙinsa ne. Haƙƙinka kuma ya nuna maka tsagar, ka kira wani ya gani kafin ka sa hannu a kan sabo.

Esi wankan tiyo yake so a Yuni, bayan audugar bishiyoyi ta gama tashi ta manne masa, da sanyi kuma a ɗora masa katako a kai kawai. Famfon zafi ya fi su son a kula shi, tunda duk shekara yake aiki. Ana ɗaga shi a kan ƙafafu sama da inda dusa ke kaiwa, ba a lulluɓe shi, ana share kewayensa. Lokaci-lokaci zai tsaya ya narkar da ƙanƙarar da ta kama shi, ka ga tururi yana tashi kamar ya kama da wuta, lafiyarsa ƙalau. Ruwan da ya zubo daskarewa yake, don haka kada a kafa shi kusa da hanyar ƙafa. Iskarsa ɗumi-ɗumi ce, ba hucin tanderu ba, wanda ya saba ɗora ƙafa a kan tagar daɓe da asuba zai ji an rage masa wani abu. Kuma ba ya son a riƙa rage ma'auni da dare a ɗaga da safe, a bar shi wuri ɗaya. Tanderu yakan yi shekara 15 zuwa 20, famfo wajen 15.

Abu biyu namu ne na kanmu. Gidajen nan a toshe suke ruf, ba kamar ɗakin hunturu a gida ba da iska ke shiga ta ko'ina. Garwashin gawayi, ko na turaren wuta ne, yana fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari. A sayi kaskon lantarki, a sa ƙararrawar gano iskar kusa da ɗakunan kwana, kuma in ta yi ƙara a fita, kada a cire batir don ta dami baƙi. Sai tafiya gida ko Umara cikin Disamba. Ba a kashe ɗumi, a rage shi kawai, a rufe babban famfon ruwa, a ba wani makulli. Yawancin kamfanonin inshora suna da sharaɗin a riƙa leƙa gidan in ba kowa, in bututu ya fashe ba a cika shi ba, sai su zame.

Na je gidan ƙanina ranar Asabar. Tanderunsa na 2012 ne, mai fararen bututu, lafiyarsa lau, akwatin wuta na amfiya 100. Takarda ta uku ta faɗi tun a nan. Muka baje bil a kan tabarma muka yi rabe-raben nan, ya ga da idonsa famfo ba zai rage masa komai ba. Ni na so ya ɗauki ta biyu saboda hanyar ɗumi biyu, yana da jariri a gidan. Shi ya dubi ratar kuɗin ya ce, "Yaya, da wannan gara na ƙara abin toshe sanyi a rufi, in tanderun ya tsufa sai na sake shawara gaba ɗaya." Muka hau muka leƙa rufin, abin da ke shimfiɗe bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ban ƙara gardama ba.

Esin ya ɗauka, tan biyu, ba biyu da rabi da aka fara rubuta masa ba. Kafin na shiga mota na ja shi bayan gida, cikin ciyawa da zafin Yuli, na nuna masa bututun nan biyu, tazararsu da ƙasa ba ta kai gwiwa ba. Na ce ya rataye shebur a nan kusa tun yanzu.